Lanƙwasa Waya Ma Ilmi Ne

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kaduna, ta ratsa Kujama da Kachia, ta nufi Kafanchan, ba zai rasa ganin yaro jefi-jefi yana tura motar waya a gefen titi ba. Wani ya yi mata ƙafa da murfin kwalba, wani da tsohon silifa da ya yanka ya kewaye, sa'an nan ga doguwar sitiyari ta taso har ƙirjin mai ita. Kafin waya ta yawaita, da karan dawa yara suke yin motocinsu, daga baya suka koma langa-langa da gwangwanin madara. Babu malamin da ya koya musu. Ƙane yana kallon wansa ne kawai, har hannunsa ya faɗa.

Manya suna ɗaukar wannan a kan wasa, wani lokaci ma har da faɗa, wai yaro ya bar karatu ya tsaya shiririta. Amma fa yaron da ya iya duban mota ya fitar da siffarta da waya, ya riga ya yi rabin tafiya zuwa ga aikin injiniya. Abin da ya rage masa shi ne awo, watau ya san yadda zai yi abu guda sau goma ko sau ashirin, kowanne ya fito daidai da ɗan'uwansa ba ragi ba ƙari. Akwai wani ɗan kayan aiki mai sauƙin gaske wanda yake koyar da wannan darasi, kuma wajen masu ƙera kwatancin jirgin ƙasa aka fi saninsa. Game da shi ne filin wannan mako zai yi bayani.

Wasan da manya suka riƙa

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan, ƙera ƙananan jiragen ƙasa sha'awa ce ta dattawa masu gemu, har da ƙungiyoyinsu da mujallunsu da wuraren nuni. Tun a 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya fito da ƙananan jirage masu tafiya bisa dogo mai ƙayyadadden faɗi, a 1920 kuma kamfanin Frank Hornby na birnin Liverpool a Ingila ya shiga sayar da nasa. A birnin Hamburg akwai wani gida mai suna Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda aka shimfiɗa ɗan siririn dogo wanda tsawonsa ya wuce kilomita 15, da garuruwa da gadoji da tashoshi.

Abin da ya raba wannan aiki da wasan yara shi ne ma'aunin ragi. Mai ƙira yakan zaɓi lamba guda, ya raba tsawon kowane abu na jirgin gaske da ita. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, watau kashi 1 cikin 87. A wannan ma'auni, mutum mai tsawon mita 1 da santimita 74 yakan koma santimita 2 cif. Mutanen Ingila sun fi son kashi 1 cikin 76. Da zarar an zaɓi lamba, to, ba a sāke ta, tun daga tukunyar injin har zuwa matakalar da direba yake takawa.

Masu wannan sana'a sun yarda cewa ba a gane gwani wajen manyan sassa. Jikin tarago akwati ne, kowa yana iya haɗa shi. Inda ake gane hannu shi ne wajen ƙananan ƙarafan riƙo, watau mariƙan da ke jikin taragu da gefen kan jirgi. Tarago guda yana iya ɗaukar mariƙai fiye da goma, a jere kamar tsani. Idan ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa da rabin milimita, ko ya karkace, ido zai kama shi nan take, aikin wata guda ya koma kamar na ɗan koyo.

Ƙarfen da ke riƙe da rai

Kada mai karatu ya raina mariƙi don ƙanƙantarsa. A jirgin gaske, shi ne abin da mai haɗa taragu yake kamawa da hannu ɗaya yayin da jirgi yake motsi, shi ne kuma direba da mai zuba kwal suke dafawa idan za su hau ko za su zaga gefen injin. A ƙarni na 19, ma'aikatan reluwe masu ɗimbin yawa a Amurka sun rasa yatsu da hannuwa da rayuka wajen haɗa taragu. Wannan ya sa a 1893 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanonin jirgin ƙasa sanya birki mai aiki da iska, da maƙalai masu haɗa kansu, da kuma ƙarafan riƙo a jikin taragu. Ƙa'idodin da suka biyo baya sun ƙayyade cewa kaurin mariƙin taragon kaya kada ya gaza kashi 5 cikin 8 na inci, watau wajen milimita 16, sa'an nan tazarar da ke tsakaninsa da jikin tarago kada ta gaza inci 2, domin yatsun mutum su sami wurin shiga.

Ashe ke nan yaron da aka sa ya lanƙwasa mariƙi bisa awo, an buɗe masa ƙofar tambaya. Don me aka yi shi da wannan kauri? Don me aka bar wannan tazara? Amsar kowace tambaya tana komawa ga hannun ɗan Adam da lafiyarsa, kuma wannan shi ne tushen tunanin injiniya.

Kayan aikin

Kayan da ake bukata ba su da yawa. Na farko filaya ce mai faffaɗan baki, wadda cikin bakinta yake sumul ba haƙora, domin mai haƙora tana barin tabo a jikin waya. Da ita ake yin lanƙwasa mai kusurwa. Na biyu filaya mai zagayayyen baki, irin ta maƙeran zinariya, don yin lanƙwasa mai gwiwa kamar ta mariƙin da ke zagaye gaban tukunyar injin. Na uku filaya mai yanka. Sai magagari ƙarami na goge bakin waya, da matsefata ta ɗaukar abin da yatsa ba ya iya kamawa, da rula ta ƙarfe, da ɗan abin huda na hannu wanda ake murzawa tsakanin yatsu.

Amma uban tafiyar shi ne allon lanƙwasa. A Turai ana sayar da shi a shirye: ɗan fallen tagulla ne mai jerin ƙananan huji, kowane huji yana nesa da bakin fallen gwargwadon wani awo da aka rubuta a gefensa. Yadda ake aiki da shi kuwa, sai a fara lanƙwasa bakin waya da filaya, ta yi kusurwa kamar kusurwar ɗaki. Sai a zura wannan gajeriyar ƙafa cikin hujin da ya dace da tsawon da ake so, a kwantar da sauran wayar bisa allo, a danne ta da babban yatsa, a lanƙwasa ta a kan bakin allon. Da an zare, ga mariƙi mai ƙafa biyu. In an yi ɗari a huji guda, duk ɗarin tsawonsu ɗaya.

Wannan allo ba sai an aika Ingila ba. Guntun katako mai tauri, kamar maɗaci, ya isa. A goge gefe guda ya miƙe sosai, a ja layuka da rula, a huda bisa kowane layi, a rubuta awonsa. Wanda yake son ya daɗe sai ya nemi guntun fallen ƙarfe a kasuwar Panteka ta Kaduna, inda maƙera da masu walda suke mai da tsohon ƙarfe sabo. Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan sauƙi: tun da bakin filaya yana sirancewa zuwa tsini, ana iya sa masa alama da magagari a daidai faɗin da ake so, a riƙa kama waya a nan ana lanƙwasa ta gefe da gefe. Wasu kuma sukan kafa ƙusoshi biyu a katako, su cire musu kai, su zagaya waya a jikinsu.

Gwanaye sukan ƙara da abubuwa uku. Na ɗaya, allon da aka lanƙwasa waya da shi, da shi ya kamata a sa alamar hujin da za a yi a jikin tarago, domin ƙafafun mariƙi su faɗa ramukansu ba tare da an tilasta musu ba. Na biyu, lokacin liƙawa a kan cusa wani abu mai kauri ɗaya, kamar guntun kwali, tsakanin mariƙi da jikin tarago, in gam ko dalma ta kama a zare shi, ta haka duk mariƙan za su tsaya da tazara guda. Na uku, kowace waya da halinta. Ta baƙin ƙarfe takan ɗan koma baya in an sake ta, saboda haka sai an ɗan zarce kusurwar da ake so. Ta jan ƙarfe tana da laushi, amma in aka yi ta lanƙwasa ta ana miƙewa a wuri guda, sai ta yi tauri ta karye. Maganin wannan shi ne a gasa ta a wuta har ta yi ja, a bar ta ta huce, sai laushinta ya komo. Maƙeran gargajiya sun san wannan tun kaka da kakanni.

Wajibi ne kuma a kula da lafiya. Guntun waya yakan yi tsalle lokacin yanka, don haka a juya bakin ƙasa, a nisantar da ido. Wanda ya taɓa dalma ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Waya kuwa a same ta daga ragowar masu aikin lantarki da izininsu, kada sha'awa ta kai yaro ga taɓa wadda take da wuta ko wadda ba tasa ba.

Ma'aunin da ya dace da ƙasar nan

Ma'aunin 1 cikin 87 ya yi ƙanƙanta ga mai koyo. Mariƙi mai kaurin milimita 16 zai koma ƙasa da kashi 1 cikin 5 na milimita, abin da bai fi silin gashi biyu ko uku ba, kuma irin wannan waya da abin huda mata rami ba su samuwa a kasuwannin ƙauye. To, amma lissafi ya yi wa yaran ƙasar nan gata ta wata hanya.

Tsohon dogon Nijeriya faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, watau milimita 1,067. In aka raba da 24, za a sami milimita 44 da rabi, kusan daidai da dogo mai faɗin milimita 45 wanda masu manyan kwatance suke amfani da shi a duniya. A wannan ma'auni na 1 cikin 24, mariƙin gefen injin mai kaurin milimita 32, alal misali, zai koma milimita 1 da sulusi. Wayar jan ƙarfe mai sili ɗaya da masu haɗa wutar gida suke kira mai lamba 1.5 kuwa, in an feɗe robarta, kaurinta bai kai milimita 1 da rabi ba, ke nan kamar don wannan aiki aka yi ta. Mariƙin tarago mai tsawon inci 18 zai koma milimita 19. Tazarar inci 2 za ta koma wajen milimita 2, watau kimanin kaurin tsinken ashana. Ga waya a shagon mai lantarki, ga ashana a teburin mai shayi, ga katako wajen kafinta. Yaron da ya yi wannan rabawa da kansa, ya ga amsar ta zama abin da yake riƙewa a hannu, da wuya ya sāke tambayar amfanin darasin lissafi.

Me za a kwatanta?

Yaran wasu ƙasashe sai sun duba littafi kafin su sami jirgin da za su kwaikwaya. Na kudancin Jihar Kaduna kuwa a ƙofar gidansu tarihin yake, domin Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Bayan da aka gano kwal a yankin Inugu a 1909, Turawan mulki suka shimfiɗa dogo daga Fatakwal, ya isa Inugu a 1916. Daga nan aka ci gaba da shi arewa ta Makurɗi, ya biyo ta Kafanchan da Zonkwa, ya haɗu da layin Ikko zuwa Kano a Kaduna cikin 1927. A wannan shekara kuma aka kai reshe daga Kafanchan zuwa Jos saboda kuza. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a jirgin ruwa ake ƙetare kogin Binuwai da taragu. Kafin zuwan reshen Kafanchan kuwa, kuzar Jos ta wani ɗan siririn dogo mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 take fita zuwa Zariya, wanda aka rufe a 1957. Daga bisani aka ja layi daga Kuru, ya bi ta Bauci da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964.

Ta haka Kafanchan ta zama mahaɗa: hanya ɗaya ta yi Kaduna, ɗaya ta yi Jos da Maiduguri, ɗaya ta gangara Fatakwal. Aikin reluwe ya tara mata mutane daga kowace kusurwa, Ibo da Yarbawa da Hausawa da Tibi, suka zauna tare da 'yan ƙasa. Kwal ya hau, kuza da gyaɗa da shanu suka sauka. Daga 1948 aka fara shigo da wasu injunan kwal daga Ingila waɗanda aka raɗa wa kowanne sunan wani kogi, masu manyan ƙafafun ja guda takwas, da ƙanana biyu gaba biyu baya. Sannu a hankali injunan dizal suka maye gurbinsu.

Yau labari ya sha bamban. Zirga-zirgar jirage a tsohon layin gabas ta ja baya ƙwarai tun shekaru masu yawa, ciyawa ta rufe dogo a wurare da dama, kuma ba a rasa jin labarin ɓarayin ƙarfe suna kwance shi. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. Sabon jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa, wanda yake da tasha a Kakau cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, dogonsa mai faɗin milimita 1,435 ne, injunansa da taragunsa kuma wani iri ne dabam. Ke nan yaron Kujama yana iya ganin sabon jirgi, amma bai san kamannin wanda kakansa ya hau ba.

Tsofaffin direbobi da masu gyaran injin da masu ba da hannu da suka yi aiki a Kafanchan suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A kansu ne sanin yake: inda rumfar injuna take, inda ake shan ruwa, inda ake ɗibar kwal, yadda ake jera taragu. Ƙarfe yana tsatsa, mutum yana mutuwa, hoto kuma gefe ɗaya kaɗai yake nunawa. Kwatancin da aka ƙera bisa awo, da taimakon wanda ya yi aikin da hannunsa, yana adana tsawo da faɗi da tsayi gaba ɗaya. Amma sai an auna tun abin aunawa yana nan, an kuma tambaya tun mai amsawa yana da rai.

Inda aikin ya rataya

Lokacin da aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin share fagen fasaha a ƙananan makarantun sakandare, aka sayo manyan injuna daga ƙasashen waje. A makarantu da yawa injunan sun tsufa cikin akwatunansu, saboda babu lantarki, ko babu ɗakin aiki, ko babu malamin da ya san kansu. Darasin da ke cikin wannan shi ne, koyon fasaha bai kamata ya jira babban inji ba. Filaya uku da rula da guntun katako ba su bukatar lantarki, kuma kuɗinsu bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba.

Saboda haka akwai kira ga mutane huɗu. Sashen ilmi na Ƙaramar Hukumar Chikun da ke Kujama, da takwaransa na Jama'a da ke Kafanchan, suna iya shirya gasa tsakanin makarantu sau ɗaya a shekara, da sharaɗi guda: kowane tarago ko inji a ƙera shi bisa ma'aunin 1 cikin 24, alƙalai kuma su zo da rula. Kwalejin Ilmi ta Jihar Kaduna da ke Gidan Waya tana iya koya wa ɗalibanta masu shirin zama malamai yadda ake yin allon lanƙwasa da yadda ake koyar da lissafi da shi. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, tana iya ba 'yan makaranta izinin shiga tashar Kafanchan tare da malamansu, su auna tsofaffin taragu, su zana, su rubuta. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya da ke Zariya kuwa tana iya karɓar waɗanda suka yi fice, ta nuna aikinsu ga jama'a.

Iyaye ma da nasu rabon. Uban da ya ga ɗansa ko 'yarsa da waya a hannu, maimakon tsawa, ya saya masa rula, ya tambaye shi tsawon abin da yake kwaikwayo, da lambar da ya raba da ita. Wannan ƙasa ce da aka tono gumakan Nok a cikinta, shaidar cewa hannun mutanenta ya san aiki mai kyau fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Basira ba ta ƙaura ba, horo take jira.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙasar da take sayen jirage da taragu daga waje za ta ci gaba da bukatar masu gyara su, da masu ƙera abin da ya lalace a jikinsu daidai da awonsa, kuma irin waɗannan mutane tun suna ƙanana ake shuka musu ladabin awo. Allah Ya sa masu iko da malamai da iyaye su duba.